Kujerar Baba a Motata

Tun daga 2014 har farkon 2022, babu wanda ya taɓa zama a kujerar gaba ta motata da safe sai Baba. Ba zama muka yi muka yanke hakan ba. Ranar farko da muka fita tare, samarin suka buɗe masa ƙofar gaba saboda furfurarsa, shi ke nan ta zama tasa. Mutumin Maraɗi ne, yana shara da dafa wa ma'aikata shayi a wata masana'antar robobi, kuma ya riga ni zuwa Jidda da shekara ashirin. Kullum bayan sallar Asuba zan same shi tsaye a gindin fitilar da ke kusurwar masallacin unguwarmu a Ghulail, filas ɗin shayi a hammata, gurasar tamis mai zafi a leda. Zai shiga, ya yi addu'ar hawa mota a bayyane, ya gutsura gurasar ya miƙa baya, ya ajiye mini nawa kason a kan gwiwata tunda hannuwana suna kan sitiyari. Ni ne na sauke wannan dattijo daga motar nan saboda kuɗi, kuma na daɗe ina ɗora laifin a kan wasu.

Wanda bai san Jidda ba, bari in ɗan kwatanta masa wurin. Madinar Masana'antu, wadda kowa a nan yake kira Sina'iyya, tana kudu da tsakiyar gari, ba nisa da tashar jiragen ruwa. An kafa ta farkon a 1971, daga baya aka ƙara ta biyu da ta uku can kudu sosai, kuma hukumar MODON da aka kafa a 2001 ce take kula da su. Gari ne guda na katanga da sito da tirela. Akwai masu yin abinci da lemo, masu narka ƙarfe, masu robobi, da masu kwali irin inda nake aiki. Manyan kamfanoni suna da masaukin ma'aikata da bas-bas ɗinsu. Amma wanda yake zaune a cikin gari da iyalinsa, ko wanda kafilinsa ƙaramin ɗan kasuwa ne, zuwa aiki matsalarsa ce shi kaɗai. Jidda kuwa ba garin tafiya a ƙasa ba ne. Da bazara, kafin ƙarfe bakwai na safe rigarka ta manne da bayanka saboda gumin teku.

Lokacin da na zo, a 2009, shekarar da ambaliyar watan Nuwamba ta kashe mutum sama da ɗari, abin hawan talaka shi ne tsofaffin bas-bas ɗin nan na Khaɗɗul Balda. Riyal biyu ake biya. Ba su da jadawali, ba su da sanyi, direba yana tsayawa duk inda aka ɗaga masa hannu. Ta sauke ka a bakin babban titi, sauran tafiyar ƙafarka ce. Shekara huɗu na yi a haka kafin na tara abin da na sayi tsohuwar Corolla a kasuwar gwanjon motoci.

Mu biyar ne. Ni da Baba, da wani saurayi ɗan Zariya mai tuƙa injin ɗaga kaya, da wani Basudane mai gyaran lantarki, da wani Bahaushe haihuwar Jidda wanda kakansa ya zo aikin Hajji a ƙasa bai koma ba, Hausarsa rabi Larabci. Tsarin namu bai wuce na adashi ba. Ƙarshen wata a haɗa kuɗin mai da na juyen baƙin mai, a raba biyar, har da ni. Idan taya ta fashe ko aka zo sabunta inshora, a zauna a yi magana. Ɗan Zariya ne mai riƙe da littafin lissafi, ɗan ƙaramin littafi mai shuɗin bango da ke kwana a akwatin gaban mota, kowa yana iya buɗewa. A wancan lokacin litar mai 91 ba ta kai rabin Riyal ba, halala 45 ce. Kason kowa a wata bai wuce Riyal ashirin ba, kuɗin da bai kai na kaza biyu a Albaik ba. Gaskiya a lokacin babu wuya, domin babu abin da za a ci.

Na sha jin 'yan'uwa a majalisar shayi suna cewa me ya hana baladiyya, wato hukumar gari, ta tsara irin wannan abu, ta yi rajistar masu haɗa mota, ta ba su wurin tsayawa. Ni ma na faɗa. Ɗan Jiddan nan ne ya zaunar da ni wata rana ya warware mini yadda ikon yake a rarrabe. Amanar Jidda, wato hukumar birni, ita ce mai tituna da gefen titi da fitilu da kasuwanni da shara. Lasisin ɗaukar fasinja yana hannun hukumar sufuri ta ƙasa. Dokar hanya da tara na 'yan Murur ne, wato 'yan sandan hanya. Da ka shige ƙofar Sina'iyya kuma ka shiga hurumin MODON. A lokacin akwai majalisar birni da aka yi zaɓenta a 2005 da 2011 da 2015, wannan na ƙarshen ma shi ne karo na farko da mata suka jefa ƙuri'a, amma baƙo mai iƙama ba ya zaɓe, ba a zaɓensa. Iyakarmu umda, mai unguwa, shi ma sai idan takardar shaidar zama ake nema. Saboda haka motar mutum biyar da ke fita daga Ghulail kullum da asuba ba ta cikin littafin kowa. Babu wanda ya ba mu izini, babu wanda ya hana mu.

Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, hukumar birni tana cikin motar nan tamu tun ranar farko, ko da ba ta san da mu ba. Fitilar da Baba yake tsayawa a gindinta tata ce. Ɗan filin da nake ajiye mota a bayan masallaci, titin da ya haɗa unguwar da Sina'iyya cikin kwata ɗaya na awa, kasancewar gidajen haya masu araha suna dab da wurin aiki, duk abubuwa ne da tsarin gari ya haifar. Haɗa mota yana yiwuwa ne idan mutane biyar suna kwana kusa da juna kuma suna aiki kusa da juna. Wanda yake riƙe da taswirar gari, shi yake riƙe da wannan.

Shekarar 2018 ta fara girgiza mu. Ranar ɗaya ga Janairu litar 91 ta tashi daga halala 75 zuwa Riyal 1.37, aka kuma fara karɓar harajin kaya na kashi biyar cikin ɗari. Kafin nan, tun Yulin 2017, an ɗora wa baƙi Riyal ɗari a wata kan kowane mutum na iyalinsu, kuɗin da ya yi ta hawa har ya kai ɗari huɗu a 2020. A 2018 ɗin dai aka dakatar da Khaɗɗul Balda, aka kawo bas-bas na SAPTCO masu sanyi da tsafta, sai dai layukansu ƙididdigaggu ne. Mutane da yawa da ke dogara da tsohuwar bas suka wayi gari suna neman kujera a motar wani. A lokacin aka fara tare ni a ƙofar masallaci: "Malam, babu wuri ɗaya? Ko nawa ne zan biya." Na riƙa cewa babu. Amma kalmar nan "ko nawa ne" ta zauna mini a rai, ina kai ta gida ina juya ta da dare, musamman bayan na mayar da matata da yara Kano saboda kuɗin iyali ya fi ƙarfina.

A shekarar 2018 ɗin ne ɗan Zariya ya tafi hutu gida ya bar mini littafin. Da ya dawo ban mayar masa ba, shi kuma kunya ta hana shi tambaya. Littafin ya bar akwatin mota ya koma ɗakina. Ban saci komai ba a lokacin, na rantse. Na dai daina nuna rasit. Nakan ce, "Wannan watan arba'in-arba'in ne," su miƙo. Idan na lissafa daga baya sai in ga nawa kason ya narke a cikin nasu, in ce wa kaina ai motata ce take tsufa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma da na kawo ta gabansu da sun yarda, Basudanen nan ma ya taɓa cewa ya kamata a riƙa ware wani abu na gyara. Ban kawo ba. Na fi son in ɗauka a ɓoye da in roƙa a fili.

Sai rusau ya zo. Daga ƙarshen 2021 aka fara rushe unguwannin da hukuma ta kira marasa tsari, kuma Ghulail da Petromin suna cikin na farko-farko, sannan Karantina da Sabil da Hindawiyya da Kandara da sauransu, unguwannin da Hausawa suka yi shekara da shekaru a cikinsu. Ka fita aiki da safe, ka dawo ka tarar an rubuta "ikhla" da jan fenti a bangon gidanku, ma'ana a tashi. Hukuma ta bayar da dalilanta: lunguna da motar kashe gobara ba ta shiga, gine-gine ba izini, miyagun ƙwayoyi. Wanda ya zauna a can ya san akwai waɗannan, ya kuma san akwai wasu abubuwan da ba a rubuta a rahoto. Ba shari'ar rusau na zo yi ba. Abin da ya shafi labarina shi ne, cikin mako uku mutum biyar da ke sallah a masallaci ɗaya suka watse. Ni na samu ɗaki a Khumra, kudu, kusa da aiki. Ɗan Zariya da Basudane suka samu a Sanabil, hanya ɗaya da ni. Ɗan Jidda ya koma wurin danginsa a Makka ya bar aikin. Baba kuwa, da albashinsa bai kai na kowa ba, haya ta kore shi har Harazat, can gabas, wurin wani ɗan garinsu.

Watanni huɗu ina zuwa ɗaukarsa. Sai in tashi kafin kiran sallah, in yi gabas, in yi Asuba a masallacinsu, in dawo in kwashi sauran. Mai ya kai Riyal 2.18 a lita tun tsakiyar 2021. Na ce kowa zai riƙa ba da ɗari da hamsin. Samarin suka biya ba musu. Baba ya kawo casa'in a watan farko, ya ce sauran sai an yi albashi. Wata na biyu ya cika. Na uku ya sake gazawa. A wata na huɗu wani ɗan Bangaladash da ke kusa da ɗakina ya ce zai ba ni ɗari biyu, kuma yana da aboki da zai ba da haka.

Na tuna ranar sarai, Alhamis ce, mun taso aiki. Na bari sai da samarin suka sauka, muka rage ni da shi a kan hanyar Harazat. Na kashe rediyo. Na ce, "Baba, motar nan fa ta gaji. Makanike ya ce in rage mata nisa." Makanike bai ce komai ba. Baba ya daɗe yana kallon titi, yana murza murfin filas ɗinsa. Ya ce, "To, ɗana. Mi za a yi? Allah shi saka maka, ka yi ƙoƙari." Da muka isa ya sauka, ya rufe ƙofar a hankali kamar yadda ya saba, don ya san marfin yana da ciwo. Ranar Asabar ɗan Bangaladash ya zauna a kujerar gaba. Ɗan Zariya ya shiga baya, ya dubi kujerar, ya dube ni ta madubi, bai ce uffan ba. Bayan wata biyu shi ma ya ce ya samu wata hanya.

Daga nan abin ya zama sana'a, ko da ban kira shi haka ba. Ina yin sawu biyu da safe, biyu da yamma. Wanda ya biya ya shiga. Larabawa suna da sunan wannan: kaddada, wato ɗaukar fasinja da motar gida ba lasisi. Doka ta hana, kuma ga baƙo hanin ya fi tsanani, tunda ko aikin Uber da Careem da motar kai an keɓe wa 'yan ƙasa. Na san haka. Nakan ce wa kaina ai mu haɗin gwiwa muke yi na ma'aikata, kamar da.

Wata safiya a 2023 aka tsayar da mu a wani shingen bincike kafin shiga Sina'iyya. Jami'in saurayi ne, bai ɗaga murya ba. Ya karɓi iƙamata da istimara, wato takardar mota, ya leƙa ya ga mutum huɗu, ya tambaye ni su wane ne. Na ce abokan aikina ne. Ya nuna na kujerar gaba ya ce, "Mene ne sunansa?" Wata uku mutumin yana shiga motata. Na buɗe baki, babu komai a ciki. Ya nuna na baya, nan ma haka. Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya nawa suke biya, suka faɗa, don ba su ga dalilin ɓoyewa ba. Tarar Riyal dubu biyar aka rubuta mini, kuma na yi sa'a abin ya tsaya nan. Da yanzu ne, bayan sabuwar dokar sufuri da aka fara aiki da ita a 2025, tarar tana iya kaiwa dubu ashirin, a tsare mota har kwana sittin, baƙo kuma a mayar da shi ƙasarsu.

Na yi makonni ina ƙorafi a majalisa. Ina cewa ina laifin talaka, an rushe unguwa, an raba mu da juna, babu bas, sannan a ce kar a taimaki juna. 'Yan majalisa suna gyaɗa kai, domin rabin maganar gaskiya ce. Ɗayan rabin ni kaɗai na san shi. A shekaru huɗu na farko, da jami'in nan ya tare mu, da na faɗa masa sunan kowa da sunan garinsu da na 'ya'yansa, da na ciro masa shuɗin littafi ya ga babu ribar halala ɗaya. Tambayar da ya yi mini ita ce daidai tambayar da ta raba motar da da motar yanzu.

Daga baya na karanta cewa a Faransa, tun 2015, doka ta fayyace wannan iyaka: haɗa mota halal ne matuƙar direba tafiyar kansa yake yi kuma kuɗin hanya kawai ake rabawa, da riba ta shigo ya zama haya. A kan wannan ne hukumomin birane a can suke gina nasu taimakon, su keɓe filin haɗuwa a bakin gari, ko kamar yadda birnin Paris ya yi a Maris 2025, ya ware layi guda a titin da ya zagaye shi ga motar da ke ɗauke da mutum biyu ko fiye a lokutan cunkoso. Birnin Bremen na Jamus tun 2003 yake ware wuraren ajiye motocin haɗaka a gefen titi. Babu ɗayansu da ya sayi mota ya ba jama'a. Wuri suka bayar, da layi, da ƙa'ida bayyananna. A nan Jidda ma an motsa ta wata fuskar: a Afrilun 2025 kamfanin sufuri na Amana tare da SAPTCO suka faɗaɗa bas ɗin gari zuwa layuka 14, kuɗin shiga Riyal 3.45. Na hau, tana da daɗi. Sai dai mai fita daga Harazat da asuba ya kama aikin ƙarfe bakwai a wani lungu na Sina'iyya, har yau kujera a motar ɗan'uwa ta fi masa sauƙi.

Idan na je hutu Kano nakan ga irin motarmu ta da a ko'ina, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Ma'aikatan Sharaɗa da Challawa da Bompai, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, mutum huɗu su haɗa kuɗin mai, yau motar wannan gobe ta wancan. An hana acaɓa tun Janairun 2013, kuɗin A Daidaita Sahu kuma ya ninka. Tsarin mulkin Nijeriya ya sa tashoshin mota a hannun ƙananan hukumomi, amma abin da aka fi sanin su da shi a tasha shi ne yankar rasit. Da ni shugaban ƙaramar hukuma ne a Kumbotso ko Ungogo, da na nemi fili ɗan kaɗan a bakin manyan unguwanni, in kafa rumfa da fitila, in ce nan masu haɗa mota za su riƙa haɗuwa, kuma kada ɗan kamasho ya tambaye su sisi. Da na sa a rubuta ƙa'ida ɗaya a allo: littafin lissafi ya zauna a mota, kuma kada ya zauna a hannun mai motar. Wannan ta ƙarshen da kuɗina na saye ta, dubu biyar cif.

Kwana goma bayan tarar, ɗan Zariya ya zo ɗakina da daddare. Rabona da shi ya fi shekara. Ya ƙi zama. Ya miƙo mini farin ambulan ya ce Baba ne ya ba shi, ya ji abin da ya same ni. A ciki akwai Riyal sittin, takardar hamsin da ta goma, da 'yar takarda da rubutun ajami. Ɗan Zariya ya karanta mini, tunda ni ban iya ba: wanga ragowar kuɗin mai ne na watan da ya gaza, ya so ya kawo tuntuni bai samu hali ba, kada in tafi da nauyinsa ko shi ya tafi da nawa. Na tambaya yaya yake zuwa aiki tun da na bar ɗaukarsa. Ya ce wata biyar ya yi yana kwana a ɗakin ajiyar tsintsiya na masana'antar daga Asabar zuwa Alhamis, sai Juma'a yake komawa Harazat. Yanzu kuma an yi masa bizar fita ta ƙarshe, jibi zai tashi.

Ban je filin jirgi ba. Na shirya, na ɗauki makulli, na zauna a bakin gado har lokacin ya wuce. Lambar wayarsa ta Saudiyya ta mutu da tafiyarsa, ɗan garinsu na Harazat shi ma ya tashi. Ɗan Zariya ya dawo motar bara, tare da wasu mutum biyu daga masana'antarmu, littafin yana hannunsa, kuma shi yake zama a baya har yanzu ko da gaba babu kowa.

Ambulan ɗin yana nan cikin akwatin gaban mota, a ƙarƙashin istimara, ban taɓa kuɗin ba. Idan akwai ɗan Maraɗi a Jidda da ya san wani dattijo da ya yi shekara talatin da wani abu yana dafa shayi a masana'antar robobi a Sina'iyya, ya koma gida a 2023, don Allah ya neme ni a majalisar masu shayi ta Khumra bayan sallar Juma'a. Ina da saƙo da zai kai masa.